Yadda ake zaga unguwar Sinawa ta Yokohama ba tare da ka ɓata ko ka ci abin da ba ka yi niyya ba

Duk baƙon da ya zo mini Japan daga gida, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko wanda ya zo taro, kafin ya koma sai na kai shi unguwar Sinawa ta Yokohama, wadda Japanawa ke kira Chukagai. Na daina ƙirga zuwan da na yi. Ita ce mafi girma cikin unguwannin Sinawa uku na ƙasar, sauran biyun suna Kobe da Nagasaki. Amma kada girman sunan ya ruɗe ka, faɗinta bai wuce kamar mita 500 ta kowane ɓangare ba, sai dai an cusa ɗaruruwan shaguna da gidajen abinci a wannan ɗan fili. Rabin yini ya isa. Abin da ke ba mutanenmu wahala abu uku ne: hanya, abinci, da wurin salla. In ka warware su tun daga masauki, sauran duk kallo ne.

Abin da za ka tanada

Fasfo ɗinka. Dokar Japan ta wajabta wa baƙo ya riƙa yawo da shi, kuma ɗan sanda na iya tambaya. Mazaunin ƙasar kuwa katin zamansa zai riƙe.

Katin shiga jirgi, Suica ko PASMO, duk aikinsu ɗaya. Ka zuba masa kuɗi a na'urar tasha, ka riƙa ɗora shi a ƙofar shiga da ta fita. In ba ka samu kati ba, tikitin takarda na nan, sai dai kowace tafiya sai ka tsaya lissafin kuɗinta a allo.

Tsabar kuɗi, yen, har da ƙananan sulalla. Manyan gidajen abinci suna karɓar katin banki, amma masu sayarwa ta taga da yawa sun fi son kuɗi a hannu. In kuɗin hannunka ya ƙare, na'urar cire kuɗi ta shagunan 7-Eleven da ta gidan waya suna karɓar katunan ƙasashen waje.

Waya mai intanet da fawa bank. Taswira da manhajar fassara za su cinye maka caji kafin la'asar. Kan caja ma ka duba, soket ɗinsu mai hanci biyu ne shafaffu, namu mai hanci uku ba ya shiga sai da adafta.

Takalmi mai laushi, ƙaramar leda ta zuba shara, gorar ruwa ta roba wadda za ta zame maka buta, da 'yar siririyar dadduma mai naɗewa. Ledar nan kada ka raina ta. A titunan Japan kwandon shara ya yi ƙaranci, za ka iya yin awa guda da tsinke ko kofi a hannu kana neman inda za ka jefa.

Sai takarda ɗaya da ka rubuta tambayoyin abinci a kai. Zan kawo su a mataki na 5.

1. Zaɓi rana da lokaci

Ka je tsakiyar mako, Talata zuwa Alhamis, ka isa wajen ƙarfe 10:30 na safe. Kafin wannan lokaci yawancin shaguna ba su buɗe ba, motocin kawo kaya kawai za ka tarar. Asabar da Lahadi da rana babban titin yakan cika har ka riƙa tafiya da kafaɗa, kamar Kantin Kwari ana jajibirin salla. Haka ma hutunsu na ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu.

Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce, ka riƙe lema. Agusta zafi ne mai gumi, ba irin namu busasshe ba, mutum yakan jiƙe sharkaf yana tsaye a inuwa. Ni na fi son Oktoba da Nuwamba, ko ƙarshen Maris. A Disamba kuwa rana na faɗuwa wajen 4:30 na yamma, sai ka ja komai baya.

In biki kake so, Sabuwar Shekarar Sinawa tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ana kwana 15 ana yi. Masu rawar zaki suna bin shaguna ɗaya bayan ɗaya da ganguna da ƙarar nokawut, zakin ya miƙe ya cafko jar ambulan da mai shago ya rataye a saman ƙofa. Akwai kuma jerin gwano a ranar 1 ga Oktoba da ranar 10 ga Oktoba. Dalilin ranaku biyun shi ne mazauna unguwar sun kasu, wasu suna tare da gwamnatin Beijing, wasu da ta Taiwan, har makarantunsu biyu ne tun 1952. Kai baƙo ne, kada ka buɗe wannan hira da mai shago.

2. Kama hanya

Daga Tokyo hanya biyu na fi bi. Ta farko daga tashar Shibuya: ka hau layin Toyoko, jirgin da aka rubuta Motomachi-Chukagai a goshinsa. Yana wucewa ta tashar Yokohama ya shiga layin Minatomirai ba sai ka sauka ba, kuma tasharka ita ce ta ƙarshe, ko barci ya ɗauke ka ba za ka wuce ba. Mai sauri yana yin kamar minti 40. Kuskuren da aka fi yi shi ne hawa wanda ke tsayawa a kowace tasha, ya kai ka dai, amma sai ka ƙosa.

Ta biyu ta jiragen JR ce, wato babban kamfanin jiragen ƙasa na Japan. Daga tashar Tokyo ka hau layin Tokaido zuwa Yokohama, kusan rabin awa, ka sauya zuwa layin Negishi. Tasha ta uku, bayan Sakuragicho da Kannai, ita ce Ishikawacho. Ka fita ta ƙofar arewa, wadda aka rubuta wa sunan unguwar Sinawa, tafiyar minti biyar ce a ƙasa. Wanda ya sayi tikitin JR na baƙi masu yawon buɗe ido wannan hanyar zai bi, domin tikitin ba ya aiki a layin Minatomirai, kamfaninsu daban.

Daga filin jirgin Haneda layin Keikyu yana kai ka Yokohama cikin kamar rabin awa. Daga Narita kuwa ka ware awa ɗaya da rabi. In da jaka kake, ka kulle ta a akwatunan ajiya na tashar Yokohama, jan trolli a lungunan unguwar wahala ce gare ka da waɗanda za ka riƙa take wa ƙafa.

Tashar Motomachi-Chukagai doguwa ce, tana can ƙarƙashin ƙasa, kuma bakinta biyu ne. Ɗaya yana fitar da kai Motomachi, unguwar shagunan sutura, ɗayan unguwar Sinawa. Ka zauna a taragun baya, in ka sauka ka bi alamar ƙofa mai lamba 1. Kana fitowa, minti ɗaya zuwa biyu, za ka ga babbar ƙofar gabas. A matakala mai tafiya da kanta ka tsaya ta hagu, dama ta masu sauri ce. A cikin jirgi kuma ba a amsa waya. Na sha jin kunya da baƙon da ɗan'uwansa ya kira daga gida ya ɗaga murya yana "Ina jin ka, muna cikin jirgi ne!", tarago ya yi tsit.

3. Karanta ƙofofi kafin ka shiga

Unguwar tana da ƙofofi 10, dogaye masu ado da zinare, amma huɗu ne za su yi maka jagora, kuma launi ne ya bambanta su. Ta gabas, Choyomon, shuɗiya ce, ita ke kallon teku. Ta kudu, Suzakumon, ja ce, ta wajen Motomachi. Ta yamma, Enpeimon, fara ce, ta wajen tashar Ishikawacho. Ta arewa, Genbumon, baƙa ce, ta wajen filin wasa na Yokohama. Haddace wannan kamar yadda ɗan Kano ya san Ƙofar Mata daga Ƙofar Nasarawa. In ka ɓata, nemi ƙofa mafi kusa ka dubi launinta.

Kuma za ka ɓata, domin titunan unguwar a karkace suke, sun saɓa wa na sauran gari da kusan digiri 45. Wurin a da gonakin shinkafa ne da aka cike fadama aka yi, titunan suka bi tsarin gonakin. Shi ya sa sai ka ɗauka kana tafiya daidai da bakin teku, ka fito ka ga kanka a wani gefen daban.

Ɗan tarihin da zai sa ka gane abin da kake gani ba shi da yawa. A 1859 aka buɗe tashar jiragen ruwan Yokohama ga baƙi, bayan Japan ta shafe sama da shekara 200 tana taƙaita hulɗa da waje. Turawa 'yan kasuwa suka zo daga Hong Kong da Shanghai da Canton tare da Sinawa, saboda Basine da Bajapane suna iya fahimtar juna a rubuce ko da ba sa jin bakin juna. Tafintoci ne da dillalai, daga baya masu sana'a suka biyo, waɗanda ake wa laƙabi da masu wuƙa uku: wuƙar girki, almakashin tela, da askar wanzami. Wanda ya san yadda zango ya kafu a Kumasi, ko Sabo a Ibadan, ba zai sha wahalar gane wannan ba: fatake suka sauka, 'yan'uwa suka biyo, aka gina wurin ibada da makaranta. Girgizar ƙasa ta 1923 ta rushe unguwar, bama-baman Amurka na Mayun 1945 suka sake ƙona ta. Saboda haka kada ka je neman tsofaffin gine-gine, kusan duk abin da za ka gani na bayan yaƙi ne.

4. Zagayen farko, hannu a aljihu

Dokata ga kowane baƙo ita ce a zagayen farko ba a sayen komai. Daga shuɗiyar ƙofa ka miƙe babban titi, Chukagai Odori, kamar mita 300 ne. Hagu da dama manyan gidajen abinci ne, da agwagi gasassu a rataye bayan gilashi, da tururi na tashi daga madambatan gora da aka jera hawa-hawa. A ƙarshensa akwai jar ƙofa, Zenrinmon, wadda kowa ke ɗaukar hoto a gabanta. Ta farko an gina ta a 1955, kuma rubutun da aka sa a kanta ne ya sa sunan Chukagai ya kori tsohon sunan unguwar, Nankinmachi. Ofishin 'yan sanda na Kagacho yana nan daf da ita, in ka yar da wani abu can za ka kai cigiya. A ƙasar nan jakar kuɗi takan dawo.

Mutum uku za su tare ka a wannan titi. Na farko mai gasasshen kuri, wani ɗan itace ne mai ɓawo, ɗanɗanonsa tsakanin dankalin Hausa da gurjiya. Zai miƙo maka guda ɗaya kyauta. Kana karɓa ya fara cika leda, yana ƙara maka gyara, kafin ka ankara an ɗaure an miƙo. Haka aka yi mini a zuwana na biyu, na koma gida da ledar da na kwana uku ina ci. Abin da daɗi kuma babu haram a cikinsa, amma in za ka saya ka nuna ƙaramar leda ka ji kuɗinta tukuna. Na biyu mai riƙe da allon hotunan abinci yana kiran "tabehodai", wato ci iya cinka a kuɗi ɗaya. Na uku 'yan duba masu karanta tafin hannu, shagunansu sun yi yawa a unguwar, suna zaune da ƙaramin tebur suna yafito mutane. Dukansu amsa ɗaya ce: ka ɗan rusuna da kai, ka ce "kekko desu", ka ci gaba da tafiya. Ba sa bin mutum.

Daga ƙofar Zenrinmon ka karya hagu, ka sake karya hagu ta ƙofar Chikyumon, ka shiga titin Kanteibyo. Nan hayaniya ta ragu. Haikalin Kanteibyo yana kan wannan titi, an gina shi ne don Guan Yu, wani jarumin yaƙi na ƙasar Sin da ya rasu kusan shekara 1,800 da suka wuce, wanda 'yan kasuwarsu suka ɗauka uban gida saboda an san shi da riƙon amana. Ginin farko na 1871 ne, wanda ke tsaye yanzu shi ne na huɗu, an gama shi a 1990 bayan gobarar 1986. Hawa matakala da tsayawa a farfajiya kyauta ne, kuma daga nan za ka ga duk sassaƙen da ke rufin da ginshiƙan. Shiga ɗakin ciki kuwa na masu sayen turaren tsinke ne don bauta. Ba wanda zai tilasta maka, ka ce a'a cikin ladabi in an nuna maka wurin sayarwa. Kada ka tsaya a gaban masu ibada, kada ka ɗauke su hoto a fuska.

Ci gaba da titin har ka fita ta ƙofar Tenchomon, ka karya dama, za ka ga haikali na biyu, Masobyo, wanda aka buɗe a 2006 don Mazu, wadda masunta da matuƙa jirgin ruwa na kudancin Sin da Taiwan ke girmamawa. Kusa da shi akwai ɗan filin shaƙatawa mai rumfa irin ta Sinawa, nan nake zaunar da baƙi su huta mu yanke shawarar abinci. Duk zagayen, da tsaye-tsayen hoto, bai fi awa ɗaya ba.

5. Abinci, inda ake faɗawa rami

Nan zan daɗe, domin nan ne na taɓa faɗawa. Watannina na farko a ƙasar na koyi cewa "niku" nama ne. Na ga wani farin abu kamar alkubus yana tururi, an rubuta nikuman, na saya na kai baki. Abokin karatuna ɗan Indonesiya ne ya riƙe mini hannu. A girkin Sinawa in aka ce nama ba a faɗi na wace dabba ba, to alade ne. Wannan ƙa'ida ɗaya ta fi duk abin da zan faɗa maka amfani.

Kuma ga abin dariya da ba na mantawa: da Japananci sunan alade "buta". In ka shiga shago kana neman buta don alwala, ka san abin da ka tambaya.

Ka koyi gane waɗannan a rubuce, ko ka ajiye hotonsu a waya: 豚 alade ne da Japananci, 猪 alade ne a rubutun Sinawa, ラード man alade, チャーシュー gasasshen naman alade, 酒 giya. Wanda kake nema shi ne 清真, alamar abincin Musulmin Sin, ko tambarin halal. Akwai kuma 素食, abincin da babu nama a ciki.

Abubuwan da suka fi shahara a titin kusan duk da alade ake yi: nikuman, shumai, gyoza, da shoronpo, wani ƙullin fulawa mai romo a ciki. Wannan na ƙarshe ko ba ka ci ba ka yi nesa da mai cinsa, in ya gatsa romon yakan yi tsartuwa, na ga ya ɓata wa mutum farar shadda. Waɗanda suka fi yaudara su ne masu kama da babu komai. Shumai na jatan lande galibi ana haɗa shi da nama ko kitsen alade. Soyayyar shinkafa, chahan, da 'yan gutsattsarin alade a ciki. Mabodofu, awara ce a jar miya mai yaji, amma da niƙaƙƙen nama. Miyar ganye ma romonta na iya zama na ƙashi. Hatta kayan zaƙi: alkubus mai jan wake, da ƙwallon riɗi, da kek ɗin wata, sau da yawa da man alade ake kwaɓa su, shi ke ba su laushi. Sannan akwai giyar shinkafa ta Shaoxing da kuku ke ɗigawa a kasko kamar yadda muke jefa magi.

Ga tambayoyin da za ka rubuta:

Butaniku wa haitte imasu ka? Akwai naman alade a ciki?
Rado o tsukatte imasu ka? Kuna amfani da man alade?
Osake wa haitte imasu ka? Akwai giya a ciki?

Ka fara da "sumimasen", ka nuna takardar. "Haitte imasu" na nufin akwai, "haitte imasen" babu. Ka kasa kunne ga ƙarshen kalmar, nan bambancin yake. In aka ce maka "daijobu", wato ba matsala, kada ka tsaya nan, ka sake tambayar man da romon daban-daban, domin mai sayarwa yakan ɗauka tunda ba a ganin tsokar nama shi ke nan. Kuma kada ka yi wannan tambaya da tsakar rana layi na bayanka. Ka bari sai wajen ƙarfe 2, lokacin da ma'aikaci zai iya shiga kicin ya tambayo.

To me za ka ci? A titi: gasasshen kurin nan, 'ya'yan itace da aka soke a tsinke aka tsoma a narkakken sukari, da shayi. Gidajen shayin Sinawa suna cikin abin da na fi so a unguwar, a kawo maka 'yar mitsitsiyar butar shayi da kofi kamar murfin kwalba, ana ƙara ruwan zafi a kan ganye ɗaya har sau biyar ko shida, ɗanɗanon na sauyawa. Don cin abinci sosai, ka bincika a waya a daren da za ka tafi wane gida ne ke da shaidar halal ko jerin abinci marar nama, ka duba ranar hutunsa, domin irin waɗannan gidaje kaɗan ne kuma sukan sauya. Agwagwar Beijing da soyayyar kaza irin ta Taiwan ba alade ba ne, amma maganar yanka tana nan, wannan kuwa kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi.

In ba ka samu ba, kada ka zauna da yunwa. Ka shiga shagon konbini, irin 7-Eleven ko Lawson ko FamilyMart, ka sayi dafaffen ƙwai, ayaba, madara, da curin shinkafa mai gishiri zalla, ka duba bayan ledar da manhajar fassara. Ko ka yi tafiyar minti 15 zuwa 20 wajen Kannai da Isezakicho, inda ake samun gidajen abincin 'yan Indiya da Nepal da makamantansu, can ma ka tambaya. Ni dai in baƙona dattijo ne, sai mu ci mu ƙoshi a gida, mu zo nan shan shayi da kallo.

Gidajen "ci iya cinka" ba su dace da kai ba ko da kuɗin ya yi sauƙi, tunda yawancin jerin ba za ka taɓa ba. Wanda zai shiga duk da haka ya tambayi abu uku a bakin ƙofa: ko kuɗin ya haɗa da haraji, ko dole ne a sayi abin sha, da kuma minti nawa aka ba shi. Harajin ci a ciki kashi 10 ne cikin ɗari, na ɗauka ka tafi kashi 8. Ba a ba ma'aikaci tukwici, in ka bar canji a tebur zai biyo ka da shi har titi.

6. Salla

Ka fito da alwalarka daga masauki. In ta karye, akwai banɗakunan jama'a a unguwar da tashoshi da bakin teku, masu tsabta, wasunsu ma da maɓallin fesa ruwa. Sai dai kada ka ɗora ƙafa a kwamin wanke hannu, abin yana ba su haushi ƙwarai. Ka cika gorarka ka wanke ƙafa a waje gefen magudana, ko ka yi shafa a kan huffi ko safa in kana bin wannan fatawa. In ka jiƙa ƙasa ka goge.

Alƙibla a nan tana yamma ne, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 293. Na taɓa kai wani Alhaji, ina waiwayowa na ga ya shimfiɗa dadduma ya fuskanci inda rana ke fitowa, ya tayar da kabbara. Da ya sallame na gaya masa, ya ce, "Yaro, shekara sittin ina kallon gabas." Sai da na buɗe masa taswirar duniya a waya ya ga inda Makka take daga Japan. Ka yi amfani da manhajar alƙibla, amma ka matsa daga jikin ƙarfe da gine-gine, sukan ruɗa ta.

Masallacin Yokohama yana can gundumar Tsuzuki, da nisa daga nan, ba wurin da za ka leƙa ka dawo ba ne. Abin da nake yi shi ne in nemi gefe a filin Yamashita, kan ciyawa, nesa da hanyar masu wucewa. Ba wanda ya taɓa tanka mini. Matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa salloli. In ranar Juma'a ce, ka yi sallarka a babban masallacin Tokyo Camii da ke kusa da tashar Yoyogi-Uehara, sannan ka taho yawon yamma.

7. Tsaraba

Yanzu ka koma zagaye na biyu, ka bar babban titi ka shiga lunguna. Ichiba-dori, wato titin kasuwa, yana tsakanin babban titi da titin Kanteibyo, siriri ne, mutum uku ba sa jerawa a sake. A nan da lungunan kusa za ka samu shagunan kayan miya: busasshen barkono, kirfa, kanumfari, wani ɗan yaji mai siffar tauraro, da masoron Sichuan mai sa harshe ya yi zir kamar an taɓa batir. Ganyen shayi tsaraba ce mai kyau, ba nauyi ba lalacewa, na jasmin ya fi karɓuwa wajen iyayenmu mata. Madambacin gora kuma yana yin alkubus da dambu lafiya lau, sai dai ka auna bakin tukunyar gida kafin ka taho, na taɓa sayen wanda ya fi tukunyarmu faɗi ya zama kwandon albasa.

Ba a ciniki. Kuɗin da aka rubuta shi ne, in ka ce "nawa za ka rage" sai a dube ka kawai. Kayan kwalba da na gwangwani ka karanta bayansu kamar yadda ka yi wa abinci. Kayan panda da za ka gani ko'ina, jaka da 'yar tsana da maɓallin makulli, sun samo asali ne daga 1972, shekarar da Japan da Sin suka maido da hulɗar jakadanci aka kawo panda biyu gidan namun daji na Ueno. Yara suna so, amma yawancinsu za ka samu irinsu a kasuwar gida.

8. Fita ta bakin teku

Kada ka koma tasha kai tsaye. Ka fita ta shuɗiyar ƙofa ka miƙe, minti biyar za ka isa filin Yamashita. An buɗe shi a 1930, kuma ƙasar da kake takawa ɓaraguzan girgizar 1923 ne aka zuba a teku aka cike. Baƙin jirgin ruwan da ke ɗaure a gefe shi ne Hikawa Maru, wanda ya yi jigilar fasinja tsakanin Yokohama da Seattle ta Amurka, yanzu gidan tarihi ne ana shiga da tikiti. In da sauran ƙarfi, ka bi bakin ruwa ta hagu zuwa gadar jiragen Osanbashi, ka hau rufinta na katako, daga nan ake ganin dogayen gine-ginen Minatomirai, inda aka yi taron Japan da ƙasashen Afirka na TICAD a 2008 da 2013 da 2019 da 2025. Wanda ƙafa ta gaza masa ya hau jar bas mai suna Akai Kutsu, tana zagaya waɗannan wurare har tashar Sakuragicho, katinka na jirgi yana aiki a cikinta.

In magariba ta same ka a kusa, ka sake leƙa babban titi na minti goma ka ga an kunna jajayen fitilu, hoton dare ya fi na rana. Shaguna suna fara rufewa wajen 9 zuwa 10. Jiragen ƙasa kuma suna tsayawa wajen tsakar dare, in ka rasa na ƙarshe kuɗin tasi zuwa Tokyo zai cinye na tsarabarka har ya nemi ƙari.

Wanda tafiyarsa ta kai shi yammacin ƙasar, wajen Osaka, ba sai ya zo Yokohama ba. Unguwar Sinawa ta Kobe, Nankinmachi, tana daf da tashar Motomachi ta can, ƙarama ce, awa ɗaya ta ishe ta, kuma ta fi sauƙi ta wajen salla, domin masallacin Kobe, wanda aka gina a 1935, mafi tsufa a Japan, tafiyar kamar minti 15 ce daga nan, da shagunan halal a kewayensa. A can sai ka tuna a matakala ta dama ake tsayawa. Ta Nagasaki kuwa, Shinchi, an san ta da taliyar champon, ita ma romonta da namanta na alade ne, takardar tambayoyin nan ka tafi da ita.